Me Ke Kashe Na'urar Gem Kafin Lokacinta?

Har yau akwai shagunan gem da PlayStation 2 ke aiki a cikinsu, na'urar da kamfanin Sony ya fitar tun shekarar 2000, alhali wasu da aka ƙera bayanta sun daɗe jibge a wurin mai gyara. Ashe ba yawan shekaru ne ke kashe na'urar gem ba. Babban abokin gabarta zafi ne.

Labarin Xbox 360 ya isa misali. Kamfanin Microsoft ya fito da ita a ƙarshen 2005, ta riga PlayStation 3 shiga kasuwa da shekara guda. Ba a je ko'ina ba masu ita suka fara ganin jajayen fitilu uku kewaye da maɓallin kunnawa, na'ura kuma ta ƙi tashi. Abin da ke faruwa a ciki shi ne, ƙwaƙwalwar da ke zana hotuna tana ɗaukar zafi sosai lokacin wasa, ta huce idan an kashe. Ƙarfe kuwa buɗewa yake yi da zafi, ya tsuke da sanyi. Yau da gobe sai 'yan ɗigon dalmar da ke riƙe da ita su tsattsage, wuta ta daina wucewa. A watan Yulin 2007 dole kamfanin ya tsawaita garanti zuwa shekara uku, gyaran kuma ya lashe masa fiye da dala biliyan ɗaya.

Wani bincike da kamfanin SquareTrade na Amurka ya fitar a 2009 ya nuna kashi 23.7 cikin ɗari na Xbox 360 sun samu matsala cikin shekara biyu, PlayStation 3 kashi 10, Wii ta Nintendo kuwa kashi 2.7 kacal. Ita Wii ɗin da ake rainawa saboda hotonta bai kai na sauran kyau ba, wutar da take ja ba ta kai wat 20 ba, yayin da Xbox 360 ta farko ke haura wat 150. Mai ƙaramin ci, ƙaramin zafi.

To ina ga mu? Sony da kansa ya rubuta cewa a yi amfani da PlayStation 4 a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba, ga shi a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi bazara na kai 40. Hunturu ya zo, ƙura ta toshe kafofin iska, sai ka ji fanka tana ruri kamar injin markaɗe. Wannan ƙarar ba ƙarfi ba ne, kukan wahala ne. Ƙurar dai ita ke dusashe idon da ke karanta faifai, ciwon da ya fi damun PlayStation 2. Ga kuma wutar lantarki mai hawa da sauka, da janareta da ke fizga. Tsofaffin na'urorin da aka yi wa Amurka ko Japan ma wasunsu wutar 100 zuwa 120 suke sha. Ka soka su a tamu ta 230 ba taransifoma, shi ke nan.

Wani lokaci kuma na'ura lafiyarta ƙalau, kamfani ne ke juya mata baya: a Yulin 2024 Microsoft ya rufe kantin sayen wasanni na Xbox 360 ta intanet.

Don haka idan za ka sayi ta hannu, kada kyan jikinta ya ruɗe ka. Ka sa a kunna ta a gabanka, a buga wasa mai nauyi na rabin awa, ka kasa kunne ga fanka, ka duba ko an taɓa kwance ta. A gida kada ka cusa ta cikin durowa ko ka ɗora ta kan kafet. Ka haɗa ta da sitabilaiza, ka zare ta idan an ɗauke wuta, sannan bayan kowane hunturu ka kai wa mai gyara ya kakkaɓe mata ƙura.