Tauraron Zinariya a Taga: Baƙin Cikin Gidajen Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu

A shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawanmu ke kira Yaƙin Hitila, mai wucewa ta unguwannin Amurka yakan gane halin da gida ke ciki tun daga taga. Gidan da ɗansa ya tafi fagen daga yakan rataya farin ƙyalle mai jan baki, da shuɗin tauraro a tsakiya, kowane ɗa da tauraronsa. Ranar da shuɗin ya koma ruwan zinariya, maƙwabta sun san sai zuwa ta'aziyya.

Bama-bamai ba su rusa Niyok ko Shikago yadda suka rusa Landan da Balin ba, shi ya sa ake ganin kamar Amurkawa sun ci yaƙin a sama. Amma sojojinsu fiye da 400,000 ba su dawo ba. Labarin rasuwa yakan zo ne a 'yar takardar tangarahu ta kamfanin Western Union, layi kaɗan, har ta kai uwa na hango ɗan aike ya doso ƙofa sai gabanta ya faɗi.

A garin Waterloo na jihar Iowa, 'yan gidan Sullivan su biyar, uwa ɗaya uba ɗaya, sun shiga rundunar ruwa a Janairun 1942, suka nemi kada a raba su. Aka haɗa su a jirgin yaƙi mai suna Juneau. Ran 13 ga Nuwamba na shekarar, Japanawa suka nutsar da jirgin kusa da tsibirin Guadalcanal. Babu wanda ya tsira a cikin 'yan'uwan biyar, kuma sai a Janairun 1943 iyayen suka samu labari. Taurari biyar a taga ɗaya.

Ga kuma ƙuncin yau da gobe. Tun 1942 sukari da kofi da fetur suka koma sai da katin rabo. A 1943 nama da man shanu da takalma suka bi sahu. Wannan dai an jure, domin kowa ya ɗanɗana. Abin da ya fi ciwo shi ne sadaukarwar da aka rama wa da wulaƙanci. A Fabrairun 1942 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a umarnin da ya kai mutum kusan 120,000 'yan asalin Japan sansanonin tsaro, galibinsu haifaffun Amurka. Daga bayan waya mai ƙaya wasu iyayen suka sallami 'ya'yansu zuwa yaƙi, kuma a can aka kai musu labarin mutuwarsu. Baƙar fata kuwa sun yi yaƙi a rundunonin da aka ware musu. Jaridarsu Pittsburgh Courier ta yi ta kiran nasara biyu, ɗaya a waje, ɗaya a gida, amma a Yunin 1943 rikicin launin fata ya ci rai 34 a Detroit, 25 daga ciki baƙaƙe.

Hotunan ƙarshen yaƙin a 1945 sun cika da rawa da rungumar juna a tituna, kuma su tarihi ya fi riƙewa. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk shugaban da ke lissafin ribar yaƙi, ya dace ya fara da ƙirga tagogin nan, domin ranar da ƙasa ke bikin nasara, matar da ke bayan tauraron zinariya tana zaune ne gaban kujerar da ba mai sake zama a kanta.