Zafin Bazara da Batirin Mota: Yaushe Ya Kamata a Canza Shi?

Direbobi da yawa sukan ɗora wa hunturu laifin mutuwar batir, domin da asubahin Disamba ko Janairu ne mota ta fi ƙin tashi. Amma tun a bazara aka yi ɓarnar. Sanyi yakan rage ƙarfin batir, ya kuma sa baƙin mai ya yi kauri, sai raunin da ke ɓoye ya bayyana.

Batirin yawancin motoci ya samo asali ne daga wanda Gaston Planté, mutumin Faransa, ya ƙirƙiro a 1859. Yana da ɗakuna shida, kowanne da fallayen dalma tsome cikin asid gauraye da ruwa. Kowane ɗaki yana ba da bolt 2.1, wato 12.6 ke nan gaba ɗaya idan caji ya cika.

Ɗaliban kimiyya sun san cewa in zafi ya ƙaru da digiri 10, saurin haɗuwar sinadarai yakan kusan ninkawa. Abin da ke sa miya ta yi tsami da wuri a watan Afrilu, shi ne ke cin batir. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi kan haura digiri 40, ga kuma zafin inji a ƙarƙashin bonet, ruwan batir yakan ƙafe da sauri, ragar dalmar da ke riƙe da fallayen kuma ta zaizaye. Zaizayar nan ba ta gyaruwa, komai yawan cajin da aka yi.

Alamar farko a kunne ake jin ta: in an murɗa makulli, inji ya riƙa juyawa da nauyi, fitilu su dushe. Sai kuma ido. Batirin da gefensa ya kumbura ya gama aiki, kada a yi jayayya da shi. Haka nan wanda ke warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko wanda ɗaki ɗaya nasa ke shanye ruwa fiye da saura. Farin garin da ke taruwa a kan batir kuwa ba hukuncin kisa ba ne. Sau da yawa gogewa da ɗaure waya sun isa.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta awo. A cika batir da caji, a bar shi ya kwana, sannan a ɗora masa mita. In ya sauka ƙasa da bolt 12.4, ba ya riƙe caji sosai. In kuma ya faɗi ƙasa da 9.6 lokacin tayar da inji, a nemi sabo. Sai dai kafin a kashe kuɗi, a auna altaneta: inji na aiki, ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4. Altanetar da ta zarce kima takan tafasa ruwan sabon batir kamar yadda ta yi wa tsohon.

Batirin da ake buɗewa, tataccen ruwa na tururi kaɗai ake ƙara masa, ban da asid ko ruwan rijiya, kuma ba a leƙa shi da ashana, domin yana fitar da iskar haidurojin mai fashewa. Tsohon kuma a mayar wa mai sayarwa. Dalmar da ke cikinsa guba ce ga ƙwaƙwalwar yara, irin wadda ta kashe ɗaruruwansu a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010.