SAƘAR HANNU A ƘARAMAR MASAƘA: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

An rubuta wannan takarda domin Hakimai da malamansu na ƙasar Dutse, watau Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu da Buji da Gwaram da Jahun da Miga. Maganar da ke ciki ƙarama ce a ido, gama ba ta wuce tsumman da mace ke sauke tukunya da shi ba. Amma a bayan wannan tsumma akwai sana'a guda wadda ta ke neman ɓacewa.

Yadda saƙa ta ke a da

Kafin a yanke Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta 1991, waɗannan gundumomi a ƙarƙashin Kano su ke, ƙasar Kano kuwa da tufafi a ka san ta. Baturen Jamus, Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana kai saƙar ƙasar har Tambutu da Tarabulus. Ba cikin birni kaɗai a ke wannan aiki ba. Mata a ƙauyuka su ne ke gurzar auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari, sa'an nan ya isa hannun masaƙi.

Masaƙa iri biyu ce. Ta maza a zaune a ke yin ta, da ƙoshiya da matsefi, ana takawa da ƙafa, ana fid da sawaye matsattsu waɗanda a ke ɗinkewa su zama riga ko zane. Ta mata kuwa a jingine ta ke da bango cikin ɗaki, mace na cusa zare da hannu tana danne shi da akwasha, ta fid da gwado ko majanyi mai faɗi da kauri.

Yadin inji ne ya karya su. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wasu su ka biyo baya a Kaduna da Kano. Daga baya su ma su ka durƙushe, ita ta farkon ta rufe a 2002, atamfar ƙasar Sin ta cika kasuwa. Saboda haka kada kowa ya ruɗi talakawa da cewa macen da ke saƙa zane da hannu za ta yi gasa da atamfa. Ba za ta iya ba. Inda hannu ke da sauran rabo shi ne ƙananan kaya masu kauri, kuma da su ne yarinya za ta fi saurin koyo.

Ƙaramar masaƙa

Wannan dabara ta yaɗu a Amurka wajen shekarun 1930, inda a ka riƙa tara ragowar yadin da ke faɗuwa a masana'antun safa, yara na saƙa abin riƙe tukunya da shi. Masaƙarsu ba ta wuce inci 7 a kowane gefe ba, da turaku 18 a jere. Kowane kafinta a Kiyawa ko Jahun zai iya yin irinta da guntayen katako huɗu da ƙusoshi.

Ga yadda a ke yi. A haɗa katakan su zama murabba'i, kamar taƙi guda kowane gefe. A kafa ƙusoshi a jere bisa gefe huɗun, tsakaninsu daidai wa daida, gama in sun bambanta saƙar za ta karkace. A ɗauko abawa mai kauri, ko ƙyallayen tela da a ka yayyanka tsiri-tsiri, a ja daga ƙusar sama zuwa ta ƙasa har a cika. Wannan shi ne zaren tsaye. Sa'an nan a shigo da na kwance, a bi bisa ɗaya, a bi ƙarƙashin ɗaya, har ƙarshen layi. Layi na biye sai a juya, inda a ka bi sama a bi ƙasa. Kowane layi a matse shi da yatsa ko da tsinke.

Kuskuren masu koyo ɗaya ne: suna jan zaren tsaye da ƙarfi tun farko, sai layukan ƙarshe su ƙi shiga, in an cire kuwa abin ya naɗe kamar busasshiyar fata. A bar masa ɗan sassauci. In an gama, a zare maɗaukan daga ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, ana cusa kowace cikin ta gabanta, ta ƙarshe ta zama maratayi. Yarinyar da ta iya wannan ta riga ta san tushen saƙar kakarta, bambancin girma ne kawai.

Gargaɗi a kan irin zare

A nan ne mu ke so malamai su fi mai da hankali. Tukunyar dalma ba kamar ta yumɓu ba ce, kunnenta na ɗaukar zafi nan da nan. Yawancin yadin da ke kasuwa yanzu kuwa da zaren roba a ciki. Auduga in ta ji wuta babbakewa ta ke yi, amma zaren roba narkewa ya ke yi ya manne a fata, ƙunarsa kuwa mai zurfi ce. Lalle ne a gwada kowane ƙyalle kafin a saƙa shi. A yanki ɗan tsiri a kanga masa ashana. In ya yi ƙauri kamar takarda ya bar toka mai laushi, auduga ce. In ya tsuke ya bar ɗan ƙulli baƙi mai tauri, a jefar. Haka kuma a faɗa wa mata kada a kama tukunya da jiƙaƙƙen tsumma, kome kaurinsa, domin ruwa na kai zafi ga hannu.

Abin da a ke roƙon Hakimai

A zamanin En'e, malamin haraji ya san masaƙin kowace unguwa. Tun da a ka soke haraji a Jihar Kano a 1979, wannan lissafi ya tsaya. Ana roƙon kowane Hakimi ya umurci Dagatai da masu unguwa su bincika ko da sauran tsofaffin mata masu masaƙa a ɗaki, ko masu kaɗi. Malami ya rubuta garinsu da irin abin da su ke saƙawa, ya kuma tambaya ko za su yarda su koya wa 'yammata. A nemi izinin maigida tukuna, kuma mace ce za ta shiga, ba ɗan aike ba.

A yi magana da shugabannin teloli su riƙa ware ƙyallayen auduga dabam maimakon ƙonewa. Kada a yi wa kowa alkawarin kuɗin Gwamnati. A fara da gida biyu ko uku, a kai abin da su ka saƙa kasuwar Shuwarin ko ta Sara, a nuna wa masu tuwo da masu shayi, malami ya rubuta kuɗin da su ka taya.