Taimakon Gaggawa Ga Karen Da Ya Ji Ciwo A Ƙafa

'Yan uwa mazauna Brickfields, unguwar Indiyawa da ke dab da tashar KL Sentral a Kuala Lumpur, sun san ba a rasa kare a wajen, ko na maƙwabci ko na kan titi. Cikin ciwon da kan same su akwai na tafin ƙafa: yankan kwalba, ƙunar kwalta da tsakar rana, ko karyewar farce. Abin yakan ƙaru lokacin bikin Deepavali, sa'ad da ƙarar wasan wuta ke firgita su su ranta a na kare.

Da farko ka kare kanka. Karen da ke jin zafi yana iya cizon ko da maigidansa, don haka a ɗaure masa baki da ƙyalle mai laushi, a sa safar hannu. Karen da ba ka sani ba kuwa, kada ka taɓa shi, ka nemi masu kula da dabbobi irin su SPCA Selangor da ke Ampang.

Sai a bi waɗannan matakai:

1. A wanke ciwon da ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a rabin litar ruwan da aka tafasa ya huce.
2. In ƙaya ko tsakuwa ce a sama-sama, a cire. Wadda ta nutse a bar wa likita.
3. A danne wurin da ƙyalle mai tsabta na minti 5 zuwa 10 har jini ya tsaya.
4. A naɗe da bandeji ba tare da matsewa ba, a sa masa safa don kada ya lashe. A sauya kullum, domin danshin ƙasar nan yana saurin ruɓar da ciwo.

In ƙuna ce, a tsoma ƙafar cikin ruwa mai sanyi kamar minti 10, ban da ƙanƙara.

Kada a shafa baƙin mai ko toka kamar yadda wasu ke yi a gida. Kada kuma a ba shi Panadol ko ibuprofen, suna iya lalata masa hanta ko ƙoda. In jini ya ƙi tsayawa bayan minti 15, ko ƙafar ta kumbura, ko ya kwana bai taka ta ba, sai asibitin dabbobi.

Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Jihar Sarawak ta yi fama da ɓarkewar ciwon haukan kare daga 2017, ba abin wasa ba ne.

A ƙarshe, a mazhabar Malikiyya da muka taso a kai kare mai rai ba najasa ba ne, amma Musulmin Malesiya Shafi'iyya ne, suna wanke abin da yawunsa ya taɓa sau 7, ɗaya da ƙasa. Saboda haka kada a yi jinyar a kusa da masallaci ko da kwanon maƙwabci. Allah ya ba da ladan tausayi.