3.4 Nisa da Tsawon Lokacin Tafiya Tsakanin Filin Jirgin Sama na Birnin Kabi da na Sakkwato

A wannan sashe za a dubi filaye biyu na jirgin sama da ke arewa maso yammacin Nijeriya waɗanda suka fi shafar mutanen Lolo, garin da ke Ƙaramar Hukumar Bagudo a kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin. Na farko shi ne filin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa kusa da Birnin Kabi, na biyu kuma filin Sarkin Musulmi Abubakar III da ke Sakkwato.

Idan aka auna a miƙe ta sama, nisan da ke tsakanin filayen biyu bai wuce kimanin kilomita 100 ba. Matuƙa jirgi kuwa da mil na teku suke awo, wanda kowane ɗaya daidai yake da kilomita 1.852, wato kimanin mil 55 ke nan. Ta mota kuwa, in an bi ta Argungu, tafiyar takan kai kusan kilomita 150 saboda karkacewar hanya.

Dangane da lokaci, ana raba nisa ne da gudun jirgi. Ƙaramin jirgi mai farfela da ke cin kilomita 400 a awa zai yi minti 15, babba mai cin kilomita 800 kuma ƙasa da minti 8. Sai dai wannan lissafin takarda ne kawai, domin a gajeriyar tafiya irin wannan jirgi ba ya gama hawa sama sai ya fara shirin sauka. Bugu da ƙari, akwai lokacin tafiya a kan titin filin, da jiran izini, da hazon hunturu wanda kan hana tashi ɗungurungum.

Muhimmancin wannan ya fi fitowa fili a lokacin aikin Hajji. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kabi daga Jihar Sakkwato a 1991, alhazan jihar sun daɗe suna tashi daga Sakkwato. Samun filin Ambursa ya rage masu wannan wahala, har ma daga nan ne jirgin farko na alhazan Nijeriya ya tashi a 2024.

Duk da haka, maniyyacin da ya fito daga Lolo sai ya ƙetare kogin Kwara, ko ta gada ko ta jirgin ruwa, sannan ya yi tafiyar mota wadda ta fi nisan da ke tsakanin filayen biyu. Saboda haka, ana iya cewa ga mutumin Lolo, ba mintocin da jirgi ke yi a sama ne ma'aunin tafiya ba, a'a, awoyin da yake ɓatawa kafin ya isa fili su ne abin dubawa.