KUMBURIN SAIFA: ABIN DA ƁERAYEN BINCIKE SUKA KOYA WA LIKITOCI

Duk wanda ya tashi a fadamar Rima, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, ya san yaro mai tulun ciki wanda akan ce saifa ce ta kama shi. Sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne ke haddasa wannan kumburi, ko kuwa tsargiyar hanji da manoman shinkafa da masunta kan ɗauka a ruwa. Tun cikin shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, irin su Fakunle da Greenwood, suka yi bincike a kan saifar da zazzaɓi ke kumburawa. Amma fa akwai saifar da ƙari ne a cikinta, watau cutar daji, kuma hannun likita ba ya iya rarrabe su da lalube kawai.

A nan ne na'urar MRI ta shigo. Ita dai tana ɗaukar hoton cikin jiki da ƙarfin maganaɗisu, ba tare da an tsaga mutum ba. Paul Lauterbur na Amurka ya bayyana dabarar a 1973, kuma shi da Peter Mansfield na Ingila suka sami lambar Nobel a 2003. To, sai aka tarar da wata wahala: a cikin hoton, ƙari da lafiyayyar saifa sukan fito kusan launi ɗaya.

A shekarun 1987 da 1988 Ralph Weissleder da abokan aikinsa a Boston suka gwada wata hikima a jikin ɓeraye masu ƙari a saifa. Sun yi musu allurar ƙananan ƙwayoyin baƙin ƙarfe ta jijiya. Aikin saifa shi ne tace jini, saboda haka sashenta mai lafiya ya haɗiye ƙarfen ya yi baƙi a hoto. Shi kuwa ƙari ba shi da ƙwayoyin da ke wannan haɗiya, sai ya tsaya fari sol, ana ganinsa sarai. Yanzu an fi yin amfani da sinadarin gadolinium, wanda aka amince a riƙa yi wa mutane allurarsa a asibitoci a 1988.

Darasin da ke ciki ga jama'armu shi ne, kumburin da ya ƙi sauka bayan an sha maganin zazzaɓi, musamman in ya zo da rama da zufar dare da kaluluwa, lalle a kai shi asibiti. Tsagar wanzami a gefen ciki ba ta nuna abin da ke ciki. A asibiti kamar na Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi likita zai fara da gwajin jini da hoton ciki, in hali ya yi ya tura mutum inda ake da babbar na'urar. Ma'aikata da ɗalibai da ke zuwa gida hutu, ku ne za ku fara faɗa wa iyaye wannan.