Tsofaffin kamyo na kasuwanninmu: ƙaramin bututun da ke kwantar da babbar mota

Duk wanda ke cin kasuwa tsakanin Hawandawaki, Tasawa da Mayahi ya san cewa gero, wake da gyaɗar da muke saye ba su kai wa Maraɗi ko bakin iyakar Najeriya sai a bayan tsofaffin kamyo, waɗanda wasu daga cikinsu sun girmi direbobinsu. Idan ɗaya ta kwanta a cikin rairayi, mai mota yana asarar kwana biyu ko uku, amma ƴar kasuwar da ta ɗora tumatir ko tattasai tana iya asarar jarinta gaba ɗaya. Shi ya sa a yau muka ga ya dace mu leƙa cikin inji.

A kowane inji, lokacin da gazuwal ke ƙonewa, ɗan hayaƙi yana silalewa ta gefen zobban fistan, waɗanda masu gyara ke kira ringi, ya gangara ƙasa inda baƙin mai yake kwance. Dole wannan hayaƙi ya sami ƙofar fita, saboda haka aka yi masa bututu, wanda za mu iya kira hancin inji. A tsofaffin motoci bututun yana buɗe ne, yana kallon ƙasa. Motocin zamani kuwa suna mai da hayaƙin cikin inji ya sake ƙonewa, dabarar da ta bazu a Amurka tun farkon shekarun 1960.

Idan ƙura da daskararren mai suka toshe wannan hanci, abin da ba shi da wuya a hanyoyinmu musamman lokacin hunturu, hayaƙin yakan matsa wa robobin inji har su fara yoyo. Direba ya yi ta ƙara mai, mai ya yi ta zuba, ranar da ya ƙare a tsakiyar daji sai inji ya kama. Idan kuma bututun yana aman hayaƙi da yawa yana tofar da mai, alama ce ringi sun cinye, aiki babba na tafe.

To ina ake samun kayan gyara? Nan ne gizo ke saƙa. Marsandi mai gajeren hanci, irin su 911, ta fara fitowa a 1959, kuma Jamus ta daina ƙera ta a 1995. Injinta mai silinda shida, OM 352, ya fito tun 1964. Berliet ta Faransa ta haɗe da Saviem a 1978 ƙarƙashin Renault, sunan ma ya ɓace daga sababbin motoci a 1980. Abin da ya taimaki masu Marsandi shi ne an yi ta harhaɗa ta a Inugu tun farkon shekarun 1980, don haka kayanta suka wadata a Najeriya fiye da na Berliet.

Mai mota a yankinmu yakan fara cigiya a garejojin Tasawa da Maraɗi. In bai dace ba sai ya aika Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, ko Panteka ta Kaduna. Kayan iri uku ne: na hannu da aka kwance daga wata motar, sabo da wasu kamfanoni ke ƙerawa a ƙasashe irin su Turkiyya, Indiya da Sin, sai kuma jabu mai kyan kwali. Tun karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 kayan Turai sababbi suka fi ƙarfin masu motoci da yawa. Rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, sun nuna mana yadda robar da ba ta cika tafin hannu ba ke iya ajiye mota makonni.

Shawararmu ga masu motoci: bututun kansa ba ya buƙatar tafiya Kano, wanke shi da gazuwal duk lokacin juyen mai ya isa, in ya tsage kuma a sa robar da ke jure mai da zafi, ba tiyon ban ruwa ba. Ringi da robobin inji kuwa kada a saka na hannu. Wanda zai aika saye ya haɗa da tsohon kayan da lambar inji, domin araha ba ta ado.

Ku kuma iyayenmu mata da ƴan kasuwa, kafin ku ɗora kaya ku duƙa ku dubi ƙarƙashin motar alhali inji na aiki. In kun ga mai yana ɗiga, ko hayaƙi na tuɗaɗowa daga ƙasa, ku ba ta hatsi in ya zama dole, amma kayan gwari ku jira wata motar. Allah Ya kai mu kasuwa lafiya, Ya dawo da mu da riba.